Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Abincin Dakarun Jiki da Masu Ba Su Umarni

Idan kai ne kake karanta wa jama'a wannan ɗan littafi, a majami'a ko a zaure ko a inuwar asibiti, ka karanta a hankali. Ka tsaya a ƙarshen kowane kashi domin mai tambaya ya yi tambayarsa.

Akwai tambayar da ake yawan yi mana a ɗakin shan magani. Mutum biyu suna kwana ɗaki ɗaya da mai tarin fuka, iska ɗaya suke shaƙa. Bayan shekara guda ɗaya ya kamu, ɗayan yana nan garau. Samari biyar sun tafi aikin gona Gadarif, a bukka ɗaya suka kwana, amma ɗaya kaɗai ya dawo Hajj Abdalla da zazzaɓi da kumburin saifa. Me ya sa haka? Wasu su ce sammu ne, wasu su ce baki ne. Rai da lafiya a hannun Allah suke. Amma Allah ya yi jiki da tsari, ya kuma ba mutane basirar gane wani sashe na tsarin nan.

Ga amsar a taƙaice. A cikin jininka akwai dakaru masu tsaron ka. Ba sa iya yaƙi sai sun ci, kuma ba sa ci sai an ba su umarni. Yunwa, ciwon sukari, doguwar damuwa da wasu ƙwayoyin da ake saya a kasuwa suna canza wannan umarni. Idan ka gane yadda abin yake, za ka san abin da ke hannunka ka yi.

SU WANE NE DAKARUN?

Jini yana da jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta. Ba a ganin su sai da madubin likita. Fararen iri-iri ne. Waɗanda za mu yi magana a kansu ana kiran su ƙwayoyin T.

A cikin ɓargo ake haifar su. Daga nan sai su tafi wata 'yar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji, a saman zuciya, mai suna taimos. Harafin T daga sunanta aka ɗauko shi. A can ake horar da su su bambanta naman jikinka da baƙo. Taimos ta fi aiki a lokacin ƙuruciya, bayan balaga sai ta riƙa ƙanƙancewa. Sai a shekarar 1961 wani masani mai suna Jacques Miller ya nuna aikinta, da ya cire ta daga jikin jariran ɓeraye ya ga sun kasa kare kansu daga cuta.

Bayan horo, ƙwayoyin T suna ta zagaya jini da saifa da 'yan ƙulle-ƙullen nan na wuya da hamata da matsematsi. Idan ka ji ciwo a ƙafa kaluluwa ta fito maka, dakarun ne suka taru a wurin suna hayayyafa. Wasu daga cikinsu suna kashe ƙwayar jikin da cuta ta shiga cikinta. Wasu kuma su ne masu tsara yaƙin, suna gaya wa sauran abin da za su yi. Waɗannan masu tsarawa ne cutar ƙanjamau take hallakawa, shi ya sa mai ita da bai shan magani kowace cuta take kayar da shi.

WUTA IRI BIYU

Kowace ƙwaya a jikinka tana ƙona abinci domin ta sami ƙarfi. Tuwon dawa ko kisra da ka ci yana narkewa ya zama wani irin sukari a cikin jini, mai suna gulukos. Wake da kifi da gyaɗa suna zama kayan gini. Mai yana zama ajiya.

Kowace mace ta san bambancin wutar gawayi da wutar kara. Gawayi yana ci a hankali, kaɗan ya isa, ya daɗe. Kara kuwa nan da nan yake kamawa, ya ba da harshe, amma sai ana ta tura shi.

Ƙwayar T da ke zaune ba ta ga abokin gaba ba, wutar gawayi take yi. Tana ƙona ɗan sukari da ɗan mai a hankali, ta cinye su ƙurmus, tana iya yin watanni ko shekaru a haka. Ranar da ta haɗu da cutar da aka horar da ita a kanta, sai ta koma wutar kara. Ta buɗe ƙofofi masu yawa a jikinta, ta riƙa jan sukari da kayan gini daga jini. Ta ƙara girma, ta rabu biyu, biyun su zama huɗu, har ƙwaya ɗaya ta zama dubbai cikin mako guda. Ba ƙarfi kaɗai take nema a sukarin ba. Da shi take ƙera sassan sababbin ƙwayoyi da makaman da za su yi yaƙi da su.

Wannan aiki yana da tsada. Ga shi kuma zazzaɓi kansa yana cin abinci: duk hawan zafin jiki na digiri 1 yana ƙara abin da jiki ke ƙonawa da kimanin kashi 10 cikin 100. Shi ya sa mai doguwar cuta yake ramewa ko da yana kwance bai yin aikin komai.

Idan an ci yaƙin, yawancin dakarun sukan mutu. Kaɗan ake bari, su koma wutar gawayi, kamar garwashin da aka rufe da toka domin gobe. Su ne masu tuna cutar. Idan ta dawo, kafin ta zauna sun tashi. Allurar rigakafi wannan garwashi take ajiyewa a jikin yaro.

WA KE BUƊE ƘOFA?

Kai manomin Jazira ka san cewa ruwa ya cika tur'a ba shi ne ruwa ya shiga hawasharka ba. Sai an buɗe ƙofa ya bi abu ishirin ya iso shukarka. Haka sukarin jini yake ga ƙwayar T. Yana wucewa ta gabanta dare da rana, amma yawan abin da za ta sha ya danganta ga saƙon da aka aiko mata.

Saƙonnin iri biyu ne. Akwai na kusa, wanda ƙwaya take ba maƙwabciyarta kamar yadda mace take magana da maƙwabciyarta ta kan danga. Likitoci suna kiran wannan saitokin. Akwai kuma na nesa, wanda wata gaɓa take zubawa cikin jini ya zaga jiki duka, kamar shelar da ake yi gari ya ji. Wannan shi ne homon.

SAƘON KUSA

Saitokin suna da yawa, an ba da dama daga cikinsu suna ɗaya, intalukin, aka bambanta su da lamba. Ba sai ka haddace su ba. Ka dai ji aikin biyar daga cikinsu.

Intalukin 7 shi ne cefanen yau da kullum. Yana sa ƙwayar da ke zaune ta ci gaba da shan ɗan sukarin da zai riƙe ta. Idan ta rasa shi sai ta ƙanƙance ta mutu.

Intalukin 2 shi ne gangar yaƙi. An gano shi a Amurka a 1976. Yana sa ƙwayar ta ƙara ƙofofin sukari da na kayan gini, ta hayayyafa da sauri.

Intalukin 15 yana kula da masu tuna cuta. Yana taimaka musu su koma ƙona mai a hankali domin su daɗe.

Intaferon gama umarnin kisa ne. Akwai wasu manyan fararen ƙwayoyi masu haɗiye ƙwayar cuta. Ƙwayar tarin fuka da ta kala-azar suna da wayo, idan an haɗiye su sai su zauna a ciki su mai da wurin gida. Sai ƙwayar T ta aiko da intaferon gama sannan mai haɗiyar take samun ƙarfin kashe abin da ta haɗiye.

Intalukin 10 shi ne mai raba faɗa. Yana cewa ya isa haka. Ana bukatarsa, gama wutar da ba mai kashe ta gidan take cinyewa. Amma idan ya yi yawa tun ba a gama da cutar ba, sai dakarun su ajiye makamai abokin gaba yana cikin gida.

SAƘON NESA NA FARKO: RAHOTON RUMBU

Mai gida mai hankali ba ya ɗaukar 'yan ƙwadago sai ya leƙa rumbu. Jiki ma haka yake yi. Kitsen da ke jikinka yana fitar da wani homon mai suna leftin, wanda aka gano a 1994. Idan akwai ajiya, leftin yana nan cikin jini, yana shaida wa ƙwaƙwalwa da dakaru cewa akwai abin ci. Idan mutum ya rame ko ya kwana biyu bai ci ba, sai leftin ya faɗi ƙasa.

Ƙwayar T da ta tashi yaƙi tana sauraron wannan rahoto. Idan ba ta ji shi ba, ba ta buɗe ƙofofin sukari yadda ya kamata, ba ta hayayyafa sosai, intaferon gama ma kaɗan take aikawa. A 1998 masana a Landan suka hana ɓeraye abinci na kwana biyu, suka ga ƙarfin dakarunsu ya ragu. Da aka yi wa wasunsu allurar leftin, ƙarfin bai ragu ba, ko da yake su ma ba su ci ba. Ashe jikin ne da kansa yake rage yaƙi idan ya ji rumbu ya yi ƙasa, domin ya tanada wa zuciya da ƙwaƙwalwa abin da ya saura.

A jikin yaro mai tamowa abin ya fi haka muni. Taimos ɗinsa, inda ake horar da dakaru, takan ƙanƙance. Zawo ko ƙyanda ko ciwon haƙarƙari da yaro mai ƙoshi zai warke daga gare su, shi sai su tafi da shi. Cutar kuma tana hana shi cin abinci, rashin cin ya ƙara buɗe wa cuta hanya.

Ga tarin fuka ma haka ne. Kusan mutum 1 cikin 4 a duniya ya taɓa shaƙar ƙwayarsa, amma 5 zuwa 10 cikin 100 ne kaɗai daga cikinsu suke kwantawa da cutar a tsawon rayuwarsu. A jikin sauran, dakarun T sun kewaye ƙwayar sun tsare ta. Tsaron nan kullum yana cin abinci. Ranar da abincin ya gaza, ƙwayar ta sami hanya. A ƙasar Indiya, a jihar Jharkhand, an yi wani babban gwaji da aka bayyana sakamakonsa a 2023. An riƙa ba mutanen da ke zaune gida ɗaya da masu tarin fuka shinkafa da wake kowane wata. Yawan masu kamuwa a cikinsu ya ragu da kimanin kashi 40 cikin 100. Abinci da ƙwayoyin bitamin ne kawai suka yi wannan aiki.

Wani zai tambaya, to azumi fa? Mai lafiya da yake azumi da rana ya ci da dare, ba shi muke nufi ba. Muna maganar yunwar makonni da watanni mai zubar da nama. Amma mai shan maganin tarin fuka, mai ciwon sukari, mai ciki da mai shayarwa, su yi shawara da ma'aikacin lafiya kafin su ɗauki azumi.

SAƘON NESA NA BIYU: INSULIN

Kada ka ji an ce dakaru sukari suke ci ka ce bari in ƙara cokali uku a shayi. Jiki yana samun gulukos ɗin da yake bukata daga dawa da gero da wake, a hankali, gwargwado. Mai daidaita shi a cikin jini shi ne insulin, homon da wata gaɓa mai suna fankiriyas, da ke bayan tumbi, take fitarwa. A 1921 aka fara tace shi a Toronto ta ƙasar Kanada.

Ƙwayar T da ta tashi yaƙi tana jin saƙon insulin, yana kuma taimaka mata wajen jan sukari. A jikin mai ciwon sukari, insulin ya gaza ko jiki ya daina jin maganarsa. Sai sukari ya yi ambaliya a cikin jini. Ka san ruwan da ya kwanta a gona bai amfanar shuka, ruɓar da ita yake yi. Fararen ƙwayoyi sukan yi nauyin jiki, ba sa isa wurin ciwo da wuri, ƙananan hanyoyin jini su lalace. Ƙaya ta soki mutum a ƙafa, gyambon ya ƙi warkewa. Mai ciwon sukari ya fi wanda ba shi da shi haɗarin tarin fuka kusan sau 3.

Idan kana yawan fitsari da dare, ƙishirwa ba ta barin ka, kana ramewa alhali kana ci, ka zo a auna jininka. Ɗigo ɗaya ne daga yatsa.

SAƘON NESA NA UKU: KOTISOL

A kan kowace ƙoda akwai wata 'yar gaɓa kamar hula. Ita take fitar da kotisol. Ya fi yawa da asuba, shi ke taimaka maka ka tashi, da dare kuma ya sauka. Idan tsoro ko rauni ko zazzaɓi mai zafi ya same ka, sai ya hau. Shelarsa ita ce: a tara sukari a jini domin ƙwaƙwalwa, kowa ya rage ci. Ga ƙwayoyin T, yana rage intalukin 2, yana rage musu shan sukari, yana kashe ƙananan da ke cikin taimos.

Na ɗan lokaci wannan alheri ne, yana hana yaƙin wuce gona da iri. Matsalar ita ce idan ya hau ya daɗe bai sauka ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, ya kuma iso Jazira a watan Disamba na shekarar, mutane da yawa sun san gudu da rashin barci da rashin 'yan'uwa, ga yunwa a kai. Yunwa kanta tana ɗaga kotisol tana kuma saukar da leftin, wato dakaru sun sami umarni biyu na su ja da baya. Saboda haka idan maƙwabcinka da ya dawo daga gudun hijira yana ta ciwo bayan ciwo, kada ka ce raki ne. Ziyara, kwanon abinci, addu'a tare da sauraron abin da ke zuciyarsa, duk suna cikin jinya.

ƘWAYAR NAJMA

Yanzu ke nake yi wa magana, 'yar'uwa, musamman ke da ake shirin bikinki, da ke uwar amarya.

Ƙwayar da ake sayarwa a ɓoye domin ƙiba, wadda ake kira najma ko abu najma, a Kano kuma irinta ake ce wa sha ka fashe, sau da yawa deksametason ce ko an haɗa ta da shi. Deksametason kotisol ne da aka ƙera a masana'anta, ya kuma fi na jiki ƙarfi kimanin sau 25. A hannun likita magani ne mai ceton rai. A 2020 an nuna a Ingila cewa yana rage mutuwar masu korona da numfashinsu ya gaza, domin a jikinsu yaƙin ne ya yi yawa har yana ƙona huhu. Amma ga mai lafiya, shan sa kullum daidai yake da a sallami masu gadi a bar ƙofa a buɗe.

Abin da yake kawowa ba ƙiba ba ce ta lafiya. Fuska ta yi zagaye, ciki da ƙeya su tara kitse, jiki ya riƙe ruwa, amma naman hannu da na cinya yana zubewa. Fata ta yi laushi ta tsattsage. Sukari ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, al'ada ta rikice.

Na taɓa jinyar wata yarinya da ta sha wata huɗu tana shan najma kafin bikinta. Kowa yana yaba yadda ta cika. Bayan biki da 'yan makonni ta fara tari. Ba ta yi zazzaɓi sosai ba, gama ƙwayar tana danne zazzaɓi, don haka ba wanda ya damu. Da aka kawo ta, tarin fuka ya riga ya ci huhunta, sukarinta kuma ya hau. Tun tana ƙarama kakanta ya yi tarin a gidansu. Shekara da shekaru dakarunta suna tsare da ƙwayar, najma ce ta sa suka saki. Ta sha magani wata 6 ta warke, mun gode wa Allah, amma har yanzu ba ta iya ɗauko ruwa daga tur'a ba tare da ta tsaya hutawa ba.

Idan kina shan ta yanzu, ki ji wannan da kyau. In kin wuce mako 3 kina sha, kada ki daina rana ɗaya. Gaɓar da ke kan ƙodarki ta ga kotisol yana zuwa daga waje ta daina aiki, tana bukatar lokaci kafin ta farfaɗo. Dainawa farat ɗaya tana iya kawo kasala mai tsanani, amai, faɗuwar jini, har mutuwa. Ki zo da ƙwayar a hannunki, a rage miki kaɗan-kaɗan. Ba za mu tona miki asiri ba, ba za mu yi miki faɗa ba. Mayukan ƙara hasken fata da yawa su ma suna ɗauke da irin wannan magani, yana kuma ratsa fata ya shiga jini. Haka ƙwayoyin ciwon gwiwa da ake sayarwa a ƙulle cikin leda ba suna.

KALA-AZAR: INDA DUK ABIN YA HAƊU

Mu koma kan samarin nan biyar. Kala-azar ta fi yawa a Gadarif da bakin kogin Rahad da Dindir da Atbara, inda ƙasa baƙa ce mai tsagewa, ga itatuwan talha da aduwa. Wani ɗan ƙwaro da bai kai sauro girma ba yake ɗaukar ta, yana cizo daga faɗuwar rana zuwa dare, ya fi yawa a ƙarshen rani kafin ruwa ya sauka. Cutar takan bayyana bayan wata 2 zuwa 6, lokacin da mutum ya riga ya dawo gida ya manta da cizon.

Yawancin waɗanda ƙwaron ya sa wa cutar ba sa kwantawa. Dakarunsu na T sun aika da intaferon gama a kan lokaci. Wanda ya kwanta sau da yawa shi ne yaro ƙarami, ko wanda ya rame, ko mai ƙanjamau. A jininsa intalukin 10 yakan yi yawa, dakarun su yi shiru, cutar ta cika saifa da hanta da ɓargo. Alamunta su ne zazzaɓin da ya wuce mako 2 bai ji maganin zazzaɓin sauro ba, rama, kumburin ciki ta gefen hagu, da ƙarancin jini. Idan ba a yi magani ba, fiye da 95 cikin 100 mutuwa suke yi. Da magani kuwa yawanci suna warkewa. Wanda aka saba yi a ƙasar nan allura biyu ne a kullum har kwana 17, tare da ciyarwa mai kyau.

Bayan an warke, mutane da yawa a Sudan sukan ga ƙuraje ko tabo-tabo a fuska, musamman kewayen baki. Dakarun ne suka farfaɗo suka tarar da ragowar cutar a fata. Yawanci yakan baje da kansa cikin watanni, amma a nuna wa likita, kada kuma a shafa masa man hasken fata.

ABIN DA KE HANNUNKA

1. Kada a hana mara lafiya abinci. Idan bai iya ci da yawa, a ba shi kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 a yini. Bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a kullum har mako 2.

2. Tuwo ko kunu kaɗai bai isa ba. A haɗa da kayan gini: wake, ful, adas, gyaɗa, riɗi, kifi, ƙwai, nono. Cokali ɗaya na dakwa a cikin kunun yaro yana da amfani ƙwarai. A sa ganye a miya, zogale ko lalo ko rama ko kuka, a ba da gwaiba ko mangwaro ko lemo idan akwai.

3. Idan abinci ya yi kaɗan a gida, a fara da ƙananan yara, mai ciki, mai shayarwa, mara lafiya da masu kwana ɗaki ɗaya da shi.

4. Jariri nonon uwa kaɗai har wata 6, a ci gaba da ba shi tare da abinci har shekara 2.

5. Yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, a auna damtsensa da zaren awo mai launi. Idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, a kawo shi a ranar. Abincin gyaɗa na leda da ake ba irin wannan yaro maganinsa ne, ba na rabawa ba ne, ba na sayarwa ba.

6. A cika alluran rigakafi, musamman ta ƙyanda a wata 9 da ta biyun da ke biye. Ƙyanda tana share masu tuna cuta daga jikin yaro, ta bar shi a buɗe na dogon lokaci.

7. Tarin da ya kai mako 2, da gumin dare ko rama, a kawo majina a auna. Zazzaɓin da ya kai mako 2, a faɗa wa likita inda aka yi tafiya a shekarar.

8. Mai ciwon sukari ya riƙe maganinsa, ya rage sukarin shayi, ya duba ƙafafunsa kowane dare, kada ya shiga gona ba takalmi.

9. Mai tafiya aikin gona gabas ya tafi da gidan sauro mai magani, ya kwana a cikinsa.

10. Kada ka sha ƙwayar da ba ka san sunanta ba.

Abinci ba ya maye gurbin magani. Mai tarin fuka sai ya sha ƙwayoyinsa wata 6 cif, mai kala-azar sai ya cika alluransa. Maganin yana rage yawan abokan gaba, dakarun jiki su ƙarasa aikin, su kuwa da ruwan ciki suke jan na rijiya.

Ku shugabannin ikilisiya da limamai da masu unguwa, ku san gidajen da ke da mai doguwar cuta a cikinku. Mudun wake ɗaya daga kowane gida a ƙarshen wata zai riƙe iyali guda har su gama jinya, ya kuma tsare yaransu daga kamuwa. Ku zaɓi mutum biyu amintattu su riƙa tarawa suna kaiwa.

Idan akwai abin da bai fito maka sarai ba a cikin wannan littafi, ka zo da shi ɗakin shan magani mu duba tare. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙosar da masu jin yunwa, ya ba ƙasarmu salama. Amin.